Bahagon Baka

Shekarun baya, tun ina gidan mahaifina a Limawa, kafin a kai ni ɗaki, an yi wata kaka da birai suka kusa raba mu da yayana. Ku da kuke zuwa ɗaukar karatu wurina kun sha jin gutsuren labarin nan, yau dai na zauna na rubuta muku shi daga kai har gindi.

Mahaifina malami ne, kuma kamar yawancin malamai, ya fi sanin abin da ke cikin gafakarsa fiye da abin da ke cikin rumbunsa. Gonarmu ɗaya ce, can wajen Takur, ta jingina da gindin dutse. A shekarun lafiya wannan alheri ne, don ruwan da ya gangaro daga duwatsu a cikinta yake kwana. A shekarar da nake ba ku labari kuwa ya zame mana masifa, domin wani garken jajayen birai ya tare a saman dutsen. Dawa tana fitar da kai suka fara saukowa. Ba ci kaɗai suke yi ba. Sai biri ya karya zangarniya, ya gatsa sau biyu, ya yar, ya karya wata, kamar mai neman abin da ya ɓatar.

Yayana ne mai kula da gonar. Ya girme ni da shekara biyar, dogo ne, mai shiru, kuma a gidanmu an riga an yanke cewa ba shi da kan karatu. Rubutunsa kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan allo. In ya riƙe fartanya sai ka ce aron hannu ya yi. Ba wanda ke zaginsa, amma akwai irin shirun da ake yi in mutum ya zubar da ruwa a karo na uku, kuma a cikin wannan shirun ya girma. Ni kuwa da na haddace abin da ya kasa haddacewa, ina ƙanwarsa, mace kuma, ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda yabon da ake yi mini yake sauka a kunnensa ba.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba, ana ta ɗibar samari zuwa aikin diga, wato shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ake jawowa Kano. Wasu tilas ake kai su, wasu kuma da ƙafarsu suke tafiya. Daga unguwarmu an tafi da mutane, waɗansu sun dawo da tari, akwai kuma waɗanda har yau iyayensu mata ke ɗaga kai in an yi sallama. Wata safiya yayana ya dawo daga gona da karyayyun zangarniyoyi a hannu, ya zube su a gaban mahaifiyata, ya ce, “In dawar nan ta tafi, ni ma na tafi. Gara in ɗauki diga in aiko muku da abin tuwo da in zauna ina cin abin da ban iya tsarewa ba.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da na fi samun sauƙi.

Daga ranar nan zama ya gagare ni. In na ɗauki littafi sai in ga baƙaƙen suna tsalle kamar birai. In na ɗauki mazari zan yi kaɗi, zaren ya yi ta tsinkewa. Ina fita tsakar gida, ina komawa ɗaki, ina sake fita, har kakata, mahaifiyar mahaifina, ta ce, “Ke, ko kin haɗiyi fara ne? Zauna, kina sa mini jiri.”

Bindiga ba a maganarta, tun zuwan Nasara mai ita ma ɓoye ta yake yi. Sai wani maƙwabcinmu ya ara wa yayana bakansa. Kwana uku yana harbi, ko jelar biri bai taɓa ba. An ce babban cikinsu har zama yake yi a kan wani falalen dutse yana sosa ciki yana kallonsa. Rana ta huɗu maƙwabcin ya karɓi kayansa, don shi ma biran sun juya kan tasa gonar. Yayana ya ce bakan ne ba shi da kyau, da zai sami nasa na kansa, daidai da shi, da an ga aiki. Na san bai yarda da maganar ba shi kansa, amma ita kaɗai ta rage masa, ni ma sai na kama ta da hannu biyu.

Abin saye ne babu. Abin da ke gidan da za a iya ɗauka a kai kasuwa ba tare da an taɓa abinci ba shi ne zaren da na yi kusan shekara ina kaɗawa, wanda mahaifiyata ke tara mini a taskira don a kai wa masaƙi. Na ɗauko na ajiye a gaban yayana.

Ya ce, “Mayar da abinki.”

Na ce, “Ba kyauta na ba ka ba, Yaya. Da sharaɗi. Da ni za a je zaɓen.”

“Ke me kika sani game da baka?”

Gaskiyarsa. Baka biyu na sani a duniya, bakan shiɓa da muke kaɗa auduga da shi, sai bakan gizo da nakan tsaya ina kallo bayan ruwa har tuwo ya kama. Amma na kafe, don na san in na zauna a gida ina jiran dawowarsu zuciyata za ta fito ta baki. Kakata ce ta raba gardamar. Ta ɗaura gyalenta ta ce, “Ni zan raka su. In na bar mijin nan nawa ya tafi kasuwa shi kaɗai, muciya za a sayar masa a ce baka ce.” Haka take kiransa, mijinta, irin wasan kaka da jika.

Ranar kasuwar wani ƙauye da ke kan hanyar Buji muka yi sammako. Kakata a kan jaki, yayana yana kora, ni ina biye da taskira a ka. Duk hanya ina ƙaga bakan da za mu sayo a raina, har na fara haɗa masa baitoci. Na yi masa lanƙwasa irin ta jinjirin wata, na yi masa murya. Ban kai ga amshi ba na yi tuntuɓe na kusa zubar da zaren a cikin ƙaya.

Rumfar farko da muka tsaya, bakunan sun yi kyau har sun ba ni kunya. An naɗe mariƙarsu da jar fata, an sa musu tuntaye, ga kwari da zane-zane. Na miƙa hannu na taɓa tsirkiyar ɗaya, wato igiyar da ake ja, na saki, ta yi wani sauti mai zurfi. Na taɓa ta biyu, na kasa kunne. Na koma ta farko. Na ce wa yayana da ƙarfin zuciya, “Wannan. Ya fi daɗin murya.”

Mai rumfar ya dube ni ya ce, “Yarinya, garaya kuke nema? Makaɗa suna can bayan mahauta.”

Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, har kakata. Da ya faɗi kuɗin kuma sai dariyar ta koma kanmu gaba ɗaya, don zarena ko tuntayen ba zai saya ba. Kakata ta ce, “Wannan ai na rataye ne, na masu zuwa gaisuwa. Mu na birai muke nema.” Ya ce birai ma suna son ganin abu mai kyau kafin su mutu. Muka wuce.

A rumfa ta biyu araha ta yi yawa. Wani saurayi mai zaƙin baki ya ce zai karɓi rabin zaren ya ba mu baka har da kibau. Yayana ya fara murmushi, ni har na fara sauke taskira. Kakata ta karɓi bakan, ta shinshina, ta sa farce ta kankari jikinsa, sai ga ɗanyen kore a ƙasa.

Ta ce, “Ɗan nan, wannan shekaranjiya yana daji tsuntsaye na sauka a kansa. In na dasa shi a bayan ɗakina zai yi ganye.”

Ya ce, “Iya, ai a hannu yake ƙarasa bushewa.”

“A hannun wa? In ya bushe ya lanƙwashe ya zauna a haka kamar bayana, kai ne za ka zo ka miƙar da shi?”

Rana ta take, ƙafafuna sun yi zafi, kuma na lura yayana ya daina duban bakuna, ya koma duban wasu samari da ke zaune a gindin kuka da ƙunshin kayansu, waɗanda kowa ya san inda za su. Na ja hannun rigarsa na ce mu ƙara gaba, ban ma san inda nake jansa ba.

A ƙarshen kasuwa, inda ake ɗaure jakuna, muka tarar da wani tsohon maharbi zaune a kan buzu a gindin tsamiya. Ba shi da rumfa. Bakuna biyar ya jingina da itacen, baƙaƙe, ba ado ko ɗaya, suna warin hayaƙi da man kaɗanya. Kakata ta gaishe shi, suka daɗe suna tambayar juna gida da damina da jikoki, ni ina ta sauya ƙafa. Daga baya ta gaya masa abin da ya kawo mu.

Bai yi maganar kuɗi ba tukuna. Ya sa yayana ya miƙe tsaye, ya ɗauko baka ya kafa gindinsa a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ga inda kan ya tsaya. Ya mayar, ya ɗauko wani da ya kai masa haɓa. Ya ce itacen dargaza ne, ya shekara a rataye a saman murhu, ana shafa masa mai duk wata. Ya ce baka ba ya son mai gaggawa, tun daga sararsa har harbinsa. Ya nuna mana tsirkiyar, fata ce murɗaɗɗiya, ya ce in ta jiƙe a kwance ta, kada a bar ta a ɗaure ta kwana. Ni dai ina ta gyaɗa kai kamar zan ba da fatawa a kai.

Sa'an nan ya aza sakaina a jikin wani suri, ya miƙa wa yayana kibiya. “Bismilla.”

Yayana ya riƙe bakan a hagu, ya ja da dama, kamar kowa. Kibiyar ta tafi neman wani abu dabam. Ta biyu ta faɗi a gaban surin. Ta uku ta kusa samun jakinmu. Tsohon bai yi dariya ba, ya dai tsura wa kafaɗun yayana ido. Da kakata ta buɗe taskira ta nuna masa zaren, ya ɗaga, ya yaba laushinsa, ya girgiza kai. Ya ce, “Zare mai kyau ne, wadda ta kaɗa shi tana da haƙuri. Amma bai kai ba, Iya. Shekara guda na yi ina renon itacen nan.”

Wadda ta kaɗa shi kuwa a lokacin ba ta da haƙuri ko na anini. Idona yana ta yawo, sai ya faɗa kan wani baka na shida, an jingina shi shi kaɗai a bayan tsamiyar, ƙura ta rufe shi.

Na ce, “Baba, wancan fa?”

Ya ce, “Wancan ba na sayarwa ba ne, kullum kawo shi nake yi in mayar. Kasuwa nawa ya ci ban sani ba. Bahago ne.”

“Baka ma yana da bahago?”

“Yana da shi mana. Itacen ya fi duk waɗannan kyau, amma wajen bushewa ya ɗan murɗe, tsirkiyar ta kwanta gefe guda. In mai dama ya ja, ta doke shi a hannu, kibiya ta bauɗe. Sai in mai hagu ne, to shi kam kamar don shi aka sare shi. Ina zan ga mai hagu? Duk an ɗaure musu hannun tun suna goye.”

To, akwai abin da na sani, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina shekara bakwai na taɓa bin yayana bayan gari ban bari ya gan ni ba. Na ga ya waiga, ya tabbata ba kowa, ya ɗauki dutse da hagu ya jefi goruba can ƙololuwa, ta faɗo. Ya sake, ta sake faɗowa. Fuskarsa a ranar ban taɓa ganin irinta a cikin gida ba. Da ya juyo ya gan ni sai ya ɓoye hannun a bayansa kamar ya saci nama, ya sa na rantse. Na rantse, na kuma riƙe rantsuwar shekara da shekaru, ina ganin ni mai amana ce.

A gindin tsamiyar nan bakina ya riga hankalina. Na ce, “Ai Yaya bahago ne!”

Da ƙarfi na faɗa, har masu ɗaure jakuna suka waigo. Yayana ya dube ni da wani ido da har yau ban manta da shi ba. Ya ce, “Ƙarya take yi. Da dama nake ci, da dama nake rubutu. Ɗan malam ne ni.”

Kakata ta dubi hannun hagunsa. Can ta ce a hankali, “Ni na yage tsumman da aka ɗaure hannun da shi. Daga zanena.”

Tsohon ya sunkuya. Ya laluba cikin burgamensa kamar mai neman goro, sai kawai ya wurgo wa yayana wani abu a fuska ba zato. Hannun hagu ya tashi ya cafke shi tun kafin mai hannun ya san an jefo. Ƙwallon goruba ne. Yayana ya tsaya yana kallon hannunsa kamar wanda aka kama da baƙo a ɗaki.

Tsohon ya ce, “Ni ba alƙali ba ne, ɗana, ba kuma limami ba. Ga sakaina can.”

Ya goge bakan da gefen rigarsa, ya ɗaura tsirkiya, ya ba shi. Yayana ya waiga dama da hagu, irin waigen nan na bayan gari. Ya riƙe bakan a dama, ya ja da hagu. Ni ban san harbi ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar an sauke masa tulu. Kibiya ta farko ta shige surin, taki ɗaya daga sakainar. Ta biyu ta fasa ta.

Kakata ta rangaɗa guɗa a tsakiyar jakuna. “Ashe miji na aura ban sani ba!”

Tsohon ya karɓi zaren, ya haɗa mana da kibau shida da wani tsohon kwari. Ya ce kada a sa dafi a gonar da mata ke shiga roro, biri in ya ji ƙarfe sau ɗaya ya isa ya ba 'yan'uwansa labari.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ko rabi ba a yi ba. A hanyar komawa, sai da muka hango dabinon garinmu Dutse sa'an nan yayana ya waigo gare ni. Ya tsaya ya ce, “Kin karya rantsuwa, kin tona ni a kasuwa. Wannan na bar ki da Allah. Amma ki sani, ba zan tsaya a gonar Malam in yi aiki da hannun da ya hana ni ba, a ɓoye kamar ɓarawo. Kuma ba zan iya tsayawa gabansa in faɗa masa ba.” Ya bi ta gona ya tura bakan cikin rufin bukkar tsaro, ya shigo gida hannu wofi.

Kwana biyu aka yi haka. Baka yana cikin ciyawa, birai suna cikin dawa, samarin da za su diga kuma an ce jibi za su tashi. Na ga yayana ya wanke rigunansa biyu ya shanya, ba ranar wanki ba. Na kasa cin abinci. Na je wurin kakata, ta ce ita ba ta shiga tsakanin malami da abin da ya hana, ko da ita ta haife shi. Na je wurin mahaifiyata, ta ce in yi addu'a. Na yi. Da na shafa sai na ga har yanzu ina tsaye a tsakar gida ina murza bakin zanena.

Bayan la'asar ne lokacin da mahaifina yake ba ni karatu a zaure, in manyan ɗalibansa sun tashi. Na shiga da littafina, na durƙusa, na buɗe, na kasa karanta ko layi ɗaya.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ina da mas'ala.”

Ya ce, “Kawo.”

“Mai harbi da baka, da wane hannu yake harbi?”

“Da dama mana.”

“Bakan fa, a wane hannu yake?”

Ya ɗan yi tunani, ya ɗaga hannuwansa yana gwadawa a iska. “A hagu.”

“To in wani ya ga bai kamata a bar baka a hagu ba, ya riƙe shi a dama, ya bar wa hagu wahalar ja, ya yi laifi?”

Na yi kwana biyu ina sassaƙa wannan tambayar, ina jin ba malamin da zai kuɓuce mata daga nan har Kano. Mahaifina ya rufe littafin da ke gabansa, ya dube ni ya daɗe.

Ya ce, “Wa ya aiko ki?”

Na ce, “Birai.”

Gemunsa ya motsa, na san dariya ce yake dannewa. Amma ba ta fito ba. Ya ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun ina shekara bakwai.”

“Ni tun yana wata bakwai.” Ya ci gaba da cewa, “Ci na hana shi da shi, da sha, da gaisawa, da riƙon alƙalami. Waɗannan har gobe ina kan bakana. Yaushe na ce masa kome game da jifa, ko fartanya, ko kibiya?”

Na ce, “Da hagu bai taɓa ɗaukar ko tsinke a gabanka ba, Baba. Fartanya ma da dama yake riƙewa.”

“Duk shekarun nan?”

“Duk.”

Ya sunkuyar da kai yana shafa bangon littafin da babban yatsa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, “Na ce masa ga iyaka, shi kuma ya ɗauka gonar duka na karɓe. Ni kuma ina nan ina cewa yaron ba shi da hannu.” Sai ya ɗago. “Je ki ce ya ɗauko abin ya kawo mini.”

Na tashi da gudu har na taka littafina, na dawo na ɗauke shi na sumbata, na sake fita.

Da yayana ya shigo da bakan, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ajiye shi a ƙasa, kansa a sunkuye. Mahaifina ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya shinshina warin hayaƙin, ya tambayi sunan itacen. Sa'an nan ya miƙa masa da hannu biyu. Yayana ya rasa hannun da zai miƙo.

Mahaifina ya ce, “Karɓa da dama, yadda na koya maka.” Ya karɓa. “To, ya zauna a nan. Abin da ɗayan zai yi kuma, tsakaninka da birai ne.”

Washegari yayana bai sami kome ba, hannun ya daɗe a ɗaure, sai da ya warware. Rana ta biyu, ranar da samarin diga suka tashi, yana can kan gona tun hantsi, ni ina gida ina leƙen zaure ko zan ga ya zo ɗaukar rigunansa. Bai zo ba. Rana ta uku ya sami babban birin nan mai sosa ciki a cinya. Garken ya hau dutse da kururuwa, suka yi kwanaki ba su sauko ba, da suka dawo kuma daga nesa suke tsayawa, in ya ɗaga bakan su watse. Gefen gonar da ke jikin dutse ya riga ya tafi, ba mu sami ko dami ɗaya a wurin ba. Sauran ya shigo rumbu, ya kai mu har saukar ruwa da ƙyar, da taimakon rama da tafasa. Yayana yana nan har yanzu, yana noma gonar da hannun da ya ga dama. Rubutunsa kuwa bai gyaru ba. Ya yi wata guda ba ya yi mini magana saboda rantsuwar, na yi kaffara, daga baya ya kawo mini goruba cike da kwando ya ajiye a ƙofar ɗakina ya tafi.

In na tuna abin nan ba daɗin nasara ne ke fara zo mini ba. Shekarun da na yi shiru ne. Ina ganinsa yana zubar da ruwa, yana jin kunya, na san dalili, na kuma ɗauka rufa masa asiri nake yi. Mahaifina ya sani, kakata ta sani, ni na sani, shi ma ya sani, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ba wanda ya tambayi wani ina maganar ta tsaya. Sai da itace ya murɗe a saman murhun wani tsoho sa'an nan muka buɗe baki.

Ina so in ce muku na koyi darasi na huta, amma ba haka ba ne. Yanzu ina da 'ya, ta fara zama. Shekaranjiya na miƙa mata ludayi, ta ɗago hagu ta karɓa. Surukata tana gefe, ta ɗan buge hannun a hankali, ta ce, “A'a, ɗayan.” Ta yi daidai, ni ma da dama zan koya mata ci. Amma da yarinyar ta janye hannun ta tura shi ƙarƙashin cinyarta tana kallona, sai na ji na kasa zama. Na ɗauke ta na fita da ita bayan ɗaki, na tsinci wani ɗan dutse mai santsi, na buɗe wannan tafin na sa mata a ciki.